Inuwar Gligor a Ƙarƙashin Ginshiƙi

A birnin Craiova kowa ya sani: idan magini ya auna inuwar mutum da sanda, ya binne sandar a harsashin gini, ginin zai tsaya ƙyam, mai inuwar kuwa ba zai kai kwana arba'in ba. Kowa, ban da Vârlan mai zanen gini, wanda ya je Faransa ya dawo da gemu da rainin mutane.

Gidan wani attajiri yake ginawa, da ginshiƙai shida a gaba irin na Girkawan dā. Tazarar da ke tsakaninsu ko faɗin yatsa ba ya yarda ta goce. Ranar da ake haƙa ramin na shida, ya shimfiɗa sandar awonsa a ƙasa, daidai lokacin da Gligor, mai kawo dutse a amalanke, ya tsaya a gefe. Inuwarsa ta kwanta a kan sandar.

Gligor ya matso kusa da Vârlan. "Yallaɓai, ba ni sandar nan in karya. 'Ya'yana huɗu."

"Tafi can, ɗan ƙauye! Inuwar taka ko akurkin kaji ba za ta riƙe ba." Don ya nuna wa magina jahilcinsu, Vârlan ya cilla sandar cikin ramin, ya ce a zuba dutse. Wai shi mai ilimi!

Tun daga wannan rana, abinci ya ƙi shiga cikin Gligor, tsoro ya cinye shi. A kwana na talatin da tara, da rana tsaka, ya iso da diga ya hau saran gindin ginshiƙi na shida. Vârlan ya cafke hannunsa. Gligor ya juyo ya maka masa ƙota a baki, haƙora suka zube, jini ya wanke gemun. Magina suka ja baya.

Gligor ya yi ta sara kamar mahaukaci har ginshiƙin ya karkace. Vârlan ya rarrafo, wawan Allah, ya tokare shi da hannu biyu yana ihu, "Aikina! Ku taimaka!" Dutsen ya rikito masa a kan cinyoyi, ƙashi ya yi ƙara kamar busasshen itace.

Gligor ya tona da yatsu har faratansa suka tsage. Ya zaro sandar, ya karya ta a gwiwa. Sannan ya dubi mutumin da ke kwance cikin jini, hawaye suka zubo masa.

"Yallaɓai, sanda kawai na roƙe ka."