Muryar Bara'u Tela

Mahaifina, Alhaji Ashafa, ya fi shekara arba'in yana hana mu jin waƙa a gidanmu na unguwar Small Heath a Ingila. Ko tallar sabulu aka sako a talabijin da ɗan kiɗa, sai ya ce a rage. To wannan bawan Allah ne ya kira ni wata Talata, ina tsakiyar aiki a kemis, ya ce in zo yanzu-yanzu, an yi masa sata.

Na iske shi da waya a hannu yana huci. Sanarwa ce wani ya turo a group ɗin 'yan Arewa. Wata jami'a a Manchester ta tono tsofaffin faya-fayan garmaho na Hausa, za ta karrama mawaƙin da ya fi kowa tashe a rediyon Kaduna a farkon shekarun sittin, marigayi Bara'u Tela.

"To me aka sace maka, Baba?"

"Muryata, Rumaisa. Ni ne Bara'u Tela."

Sai da na nemi kujera. Ashe haka aka yi: kakanmu limami ne a Zariya, ɗan liman kuwa ba ya waƙa, waƙa ta maroƙa ce. Shi kuma Baba Allah ya ba shi murya siririya mai hawa sama, irin wadda Turawa ke ce wa tenor. Ranar da ya saci jiki ya je gidan rediyo, aka tambaye shi sunan da za a rubuta, sai ya ba da na abokinsa, wani tela a bakin kasuwa, mutumin da ko sallama ya yi sai ka ɗauka mura yake. Faifai goma sha ɗaya suka fita da wannan suna. Daga nan Baba ya samu karatun injiniya a Ingila, ya tattara nasa ya nasa, ya bar wa Bara'u sunan.

"Shi ya yarda?" na tambaye shi.

"Cewa ya yi in yi, ba komai."

Yanzu liman ya daɗe da rasuwa, Turawa sun ce abin tarihi ne, Baba na son kayansa. Yana da tamanin da huɗu, ya ce ba zai mutu ba a san shi ba.

Ranar Asabar na ɗauke shi a mota zuwa taron karramawar a Manchester, ya sha babbar riga, da jawabi shafi uku a aljihu. Hujja kuwa babu. A wancan zamanin ba hoto, ba takarda, ka shiga ka yi waƙarka a gaban makirufo ka fita. Na ce to da me zai shawo kansu? Ya ce zai rera musu. Ya gwada mini a kan babbar hanyar M6, wajen garin Stoke. Wallahi muryar ta bi haƙoransa, duk sun tafi. Na ce madalla, na ƙara wuta.

A ɗakin taron da ke Oxford Road, wata mata ta zo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Dokta Kubura ce, 'yar Bara'u, likitar yara a nan Manchester, ita za ta karɓi lambar yabon. Aka ba ta dama ta yi magana. Ta ce saboda waƙoƙin nan dangin mahaifinta suka daina zuwa shagonsa. Ta ce ita kanta 'yar maroƙi ake kiranta a firamare. Sau ɗaya tak ta roƙe shi ya rera musu a gida, ya ce maganar ta wuce, kada ta sake tayar da ita. Ta yi shekaru tana jin haushinsa. Yau ne, in ji ta, ta fara alfahari da shi, ga shi ba ya nan.

Na saci kallon Baba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, ban san wanne ya fi ba.

"Akwai amininsa a nan," in ji Kubura. "Baba, ko za ka ɗan ce wani abu?"

Ya miƙe da ƙyar. Ya kai hannu aljihu, ya fito da shi ba komai.

"Bara'u mutum ne mai riƙon amana," ya ce. "Allah ya jiƙansa."

Ya zauna. Aka tafa masa kaɗan, irin tafin da ake yi wa tsoho don bai ja zance ba.

Sai aka saki faifan. Bayan ɗan ƙarar allura, muryar wani saurayi ta cika ɗakin, tas, tana hawa kamar ba za ta tsaya ba. Ban taɓa jin irinta ba. Can sai na ji wani gurnani a gefena. Baba ne, ido a rufe, yana bin waƙar baiti-baiti, bai ma san yana yi ba.

Kubura ta juyo daga layin gaba, fuska duk hawaye, ta dafa hannunsa cikin ladabi.

"Baba, yi haƙuri, ɗan dakata," ta ce a hankali. "Ina so in ji muryar mahaifina."

Baba ya ce to, ya yi shiru har faifan ya ƙare.