Kek a Hannun Mai Banda

Kwana goma sha ɗaya Sumayya ta yi a gadon asibiti a Yelwa ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ciwon ya shanye mata jini, ya feso mata ƙuraje daga leɓe har maƙogwaro, ko kunu aka miƙo mata sai ta kau da kai. Likita bai ɓoye wa iyayenta komai ba. Ruwan da ake ƙara mata ba zai riƙe ta har abada ba, maganin da ya rage kuma ba a ba da shi ga wanda cikinsa babu komai. In ta ci, akwai sauran magana. Bai faɗi abin da zai faru in ba ta ci ba, ya dai duƙar da kai yana duba takardarsa.

Uwarta Ladidi ta kawo duk abin da ta sani: romon tarwaɗa, fura mai ruwa-ruwa, kunun gyaɗa. Duk majinyatan gadon kusa suka shanye. Sai da safiyar kwana na sha biyu yarinyar ta buɗe ido ta ce da muryar da ba ta fi raɗa ba, "Inna, kek ɗin nan na Maman Ruth nika so. Baƙin nan na cakuleti. Shi ba a tauna shi, narkewa shikai ga baki."

Maman Ruth ita ce Christiana, telar da Sumayya take koyon ɗinki a shagonta. Duk Kirsimeti takan gasa kek ɗin ta raba wa 'yan shago. Ladidi ta tare kabu-kabu ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta iske matar a ƙofar gida da jaka a hannu, ido jawur, an aiko mata mahaifiyarta ta rasu a Kontagora, mota tana jira. Duk da haka Christiana ta ajiye jakar ta koma ciki. Ta auno fulawa da sukari da garin cakuleti da hodar da ke sa shi ya tashi, ta haɗo da ƙwai huɗu da bota da madara da gwangwanin gashi. Abin da ya rage mata ke nan, na kek ɗaya tak. Ta faɗi yadda ake kwaɓawa, da yadda ake zuba yashi a tukunya a ɗora gwangwanin a kai, wuta ƙasa, garwashi bisa murfi. Sannan ta kama hannun Ladidi.

"Ki saurare ni da kyau, Maman Sumayya. Wanga ba kihi na ba. In kin soka tsinke ya hito da ɗan danƙo, ya yi ke nan, ki sauke. Da damshi cikinai aka son shi. Kak ki jira shi bushe."

Ladidi ta ce to. A ranta kuwa har ta ɗan ji haushi. Shekara talatin tana bandar kifi a bakin ruwa, dillalan Anaca suna tambayar kwandonta da suna, yau ita za a koya wa wuta?

Ta isa gida kafin azahar. Ba za a ce ba ta yi hattara ba, Allah ya sani ta yi. Ta goge hannuwanta da toka da lemon tsami har sau uku don kada ƙarnin kifi ya shiga. Ta ɗebo busasshen yashi can sama da inda ruwa yake kaiwa. Ta ƙi itace, ta hura gawayi don gudun hayaƙi. Ta buga bota da sukari har kafaɗarta ta yi tsami, ta fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya da bisimilla, ta zuba sauran, ta rage ɗan garin cakuleti da madara na kwararawa a kai. Kwaɓin ya fito baƙi, mai sheƙi, mai kauri. Da ƙamshi ya fara tashi daga tukunyar, maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga tana tambaya ko biki ake yi ba a gaya mata ba. Ladidi ta ci gaba da gyara garwashinta.

Da lokaci ya yi ta ɗaga murfi. Kek ya taso, samansa ya ɗan tsage. Ta karyo tsinken tsintsiya, ta wanke, ta soka a tsakiya. Ya fito da danƙo baƙi a jikinsa.

Ta tuna maganar Christiana sarai, kalma bayan kalma. Amma kunne ne ya ji maganar, hannu kuwa yana da nasa karatun. A wurin mai banda, damshin ciki yau shi ne tsutsar gobe. Tana da shekara goma sha uku aka dawo da kwandon karfasa guda yana motsi saboda ta sauke shi da sauran ruwa, marin da innarta ta yi mata ranar har yau kunnenta na hagu bai manta ba. Ta dubi tsinken. Ɗanyen ƙwai ne wannan, ɗanyen gari. Wannan za ta kai wa yarinyar da ba ta da jinin da za ta yi faɗa da ko gudawa? Matan gari suna da lafiya, su ci ɗanye in sun ga dama. Ta mayar da murfi ta ƙara garwashi.

Ta sake sokawa, da sauran ɗan laima. Nan hannun ya karɓe aikin gaba ɗaya. Ta juye kek ɗin daga gwangwani, ta ɗora shi a kan sabuwar ragar waya bisa garwashi mai sanyi, tana juya shi a hankali, gefe zuwa gefe, yadda take yi wa giwan ruwa. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya amsa. Abin tausayi, a lokacin ne ta ji sanyi a ranta karo na farko cikin kwana goma sha biyu. Ta narka ragowar cakuletin da madara ta kwarara a kai, ya yi kyau ƙwarai.

Bayan la'asar ta shiga ɗakin majinyata da kwano a rufe. Mijinta Jibrin ya tallafo Sumayya ya zaunar da ita. Yarinyar ta shaƙi ƙamshin, idonta ya yi haske, har ta miƙo hannu da kanta.

Tun daga wuƙa Ladidi ta gane. Sai da ta danna da tafin hannu kafin ta shiga, yankan ya ɓare yana zubar da gari. Haka ta miƙa wa yarinyar yankan. Sumayya ta karɓa ta kai baki, ta rufe ido, ta gwada. Da ta fito da shi akwai jini a gefensa.

"Ya yi daɗi, Inna," in ji ta. "Bari in huta tukuna, sannan in ci."

Ladidi ta jiƙa ɗan gutsure a madara. Ya wargaje ya zama tsaki-tsaki, cokali ɗaya ya sa yarinyar tari har hawaye. Ta kwanta ta juya fuskarta bango, ba ta sake neman komai ba.

A baranda Jibrin ya kira Christiana ya miƙa wa matarsa wayar. Ana jin kukan makoki a bayanta. Ta ce sai bayan kwana bakwai za ta dawo, sannan ta tambaya, "Ta ci? Da danƙo kin ka sauke shi, ko?"

Ladidi ta mayar wa Jibrin wayar. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kwanon a cinya, ta sa hannu biyu ta karya kek ɗin gida biyu. Ta sake karyawa. Tana bin tsakiyarsa da ɗan yatsa, tana neman wuri ɗaya mai laushi, ko da girman ƙwayar gyaɗa ne, wanda wutarta ta manta da shi. Ta murmushe shi kaf a kwanon tana kuka, ba ta samu ba. Aikinta ya yi kyau kamar kullum. Ya bushe har ciki, irin bushewar da za a kai Anaca a dawo da shi bai yi komai ba.