Tukunyar Ranar Malam Kailani

Shekara takwas ina ɗora farantan sola a kan rufin mutane, daga Hanwa har Dutsen Abba, amma a gidan ubana sai da na yi wata biyu ina magiya kafin ya bari na ɗora guda huɗu. Malam Kailani ke nan. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da tukunyar tururi a wani kamfanin tatsar man gyaɗa, kuma har aka rufe kamfanin bai taɓa yarda da wutar da ba tururi ne ya haife ta ba.

"Naja'atu, wannan baƙin allon naki ko tari ba ya yi," in ji shi. "Ta ina mutum zai san yana da lafiya?"

Na ce akwai mita. Ya ce mita ta raggaye ce. Shi a zamaninsa tun daga bakin ƙofa yake sauraron tukunya, ya san ruwa ya yi ƙasa ko wuta ta yi yawa kafin allurar gejin auna ƙarfin tururi ta motsa.

Abin da ba a faɗa a gidanmu shi ne, kunnen nan ya tafi. Inna Hajo, ƙanwarsa da ke zaune da mu tun rasuwar mahaifiyata, ta koyi zagayowa gabansa kafin ta yi magana. In an kira salla, ni ko ita sai wata ta ɗauki buta ta gifta ta inda zai gani. Kara muke yi masa. Wa zai dubi dattijon da kunne ne duk abin alfaharinsa ya ce masa ba ya ji? Ni dai ban iya ba.

Ni na jawo sauran. Wata rana na nuna masa bidiyo a waya: wani fili a cikin hamada, dubban madubai sun kewaye doguwar hasumiya, kowanne yana tura hasken rana wuri ɗaya. Zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, lantarki ya fito. Sau shida ya kalla. Daga ranar Baba ya bar unguwarmu Tudun Wada, gangar jikinsa kawai aka bar mana a gindin dalbejiya. Zai zauna ido a lumshe yana lissafa mana yadda kowane rufi a unguwa zai zama madubi, duk suna juyawa suna bin rana kamar kaji na bin mai tsaba, farin tururi yana tashi a hankali ta saman shagunan teloli.

Na yi iya ƙoƙarina. Na ce faranti ba ya shan ruwa, ba abin da ke motsi a jikinsa balle ya lalace, ko hadari ya haɗo yana ɗan kawo wuta. Madubi kuwa sai rana tsirara, kuma sai an yi ta juya shi. Ya ce farantina yana ganin rana ne kawai, nasa zai dafa ta. Na san ya kayar da ni.

Ya samo tsohon kaskon satilayit, irin manya-manyan nan, ya karɓo guntayen madubi a shagon Ejike mai gilashi. Wata uku yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya tsakar gidanmu ba ta taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Da hantsi ɗigo-ɗigon haske kan bazu a bango, su hau igiyar shanya, su sauka cikin randa, su bi bayan Inna Hajo har madafi. Wani lokacin nakan makara fita aiki ina kallonsu, ni da na ce shirme ne.

Mai walda ya haɗa masa 'yar tukunyar ƙarfe da siririn bututu, ga usur a ka, ga farfelar gwangwani da za ta juya dainamon keke ya kunna ƙwan fitila. Geji ne babu. Na sayo na ajiye masa a kan tabarma, da yamma na tarar da shi cikin jakata, ko kwalin bai buɗe ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na san abin da tukunyar da ba a ji kukanta ba take yi. Duk da haka na bar gejin a jakata.

Ranar Asabar, cikin zafin bazara, ya cika ta da ruwa ya juya kaskon. Duk ɗigon hasken nan suka baro bango suka taru a gindin tukunyar, fari fat, ba ya kalluwa. Muka yi ta jira. Can farfelar ta motsa, ta ɗauki gudu, ƙwan fitilar ya yi ja kamar garwashi. Sai usur ɗin ya tsage da ƙara. Kaji suka watse, Inna Hajo ta saki ludayi, na ji wani mai keke ya taka burki a waje.

Baba yana tsaye, ya karkata kai, yana murmushi.

"Saura kaɗan," ya ce. "Yanzu za ta yi magana."

Ya waiwayo don mu taya shi jira, sai ya gan mu mu biyu, hannuwa a kan kunne. Na yi maza na sauke nawa, amma ya riga ya gani. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan lokacin ba.

Na zo gabansa. Ya dubi bakina.

"Tana kuka?"

"Ta jima, Baba."

"Yaya muryar?"

"Siririya ce. Tana yankewa tana dawowa."

Nan take fuskarsa ta canza. "Ruwa ya yi ƙasa! Kawar da ita daga rana!"

Na kama hannun kaskon na murɗa da duk ƙarfina. Hasken ya zame daga gindin tukunyar ya faɗa kan katanga. Ƙarar ta yi ta raguwa, farfelar ta yi juyi biyu ta tsaya. Baba ya zauna a kan turmi yana kallon ragowar tururin da ke fita.

"Ta yi shiru?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe kuka sani?"

Na ɗaga masa yatsu biyu, na ce shekara. Ya dubi Inna Hajo, ta sunkuyar da kai tana goge ludayin da gefen zane.

"Shekara biyu," ya ce a hankali. "Ni kuwa ina ta jin daɗi, wai Tudun Wada ta natsu."