Dubu Goma da Ɗari Biyar da Ɗaya

"Ba ta rabuwa, Yallaɓai," in ji Baba Ubale, ya buga sandarsa a ƙasa. "Ko za ka yanka ni, ba ta rabuwa!"

Ephraim, jami'in kamfanin dashen itatuwa, ya sake kaɗa masa takarda a fuska. A bayansu dashen darbejiya ne cikin baƙaƙen ledoji, jere a gefen wani fili kusa da Ɗanzomo. Jiya aka yi ruwa, yau ya kamata su shiga ƙasa.

"Baba, karanta! Dubu goma da ɗari biyar da ɗaya. Layuka daidai wa daida, kada ko ɗaya ya rage. Abin da ofis ya rubuto ke nan."

"Wanda ya rubuta bai taɓa riƙe igiyar awo ba."

Shekara ashirin Baba Ubale yana ja wa masu dashe layi. A aji huɗu ya bar makaranta, amma lambobi ba su bar shi ba. Ya kasa su gida-gida kamar mutane. Akwai masu sauƙin kai, da biyu ma sun rabu. Akwai masu wahalarwa, sai ka nemo musu bakwai ko sha uku. Sannan akwai 'yan ƙalilan da ba sa yarda da kowa. Kwana uku ya yi yana gwada wannan lambar da tsinke a kan yashi, tun daga biyu har ya wuce ɗari. Kullum sai an bar saura. Bai taɓa gamuwa da babba irinta ba, har ya fara sonta.

"Na san wannan wayon," in ji Ephraim. "A ce ba ta rabuwa, a ware saura, gobe mu gan su a kasuwar Maigatari."

Matan da ke jiran haƙa ramuka suka juyo suna kallonsu. Baba Ubale ya matso gabansa.

"Ni? Ni kake kira ɓarawo a gaban 'ya'yana? Ciro wayarka ka raba mu gani!"

"Ban zo lissafi ba. In azahar ta yi ba ka ja layi ba, ka ajiye igiyar nan, ka tafi gida."

Ephraim ya koma mota ya rufo ƙofa da ƙarfi.

Tsohon ya tsaya yana huci. Can ƙarshen jeri ya hango akuyar Fadimatu, ɗaya daga cikin matan, ta tsinke igiya ta sa baki a leda guda. Ya ɗaga sanda zai jefe ta. Sai ya sauke hannunsa a hankali. Yana kallo ta cinye ganyen, ta tumɓuke ɗan karan ta tauna.

"Fadimatu," ya ce, "kama dabbarki haka nan. Ku ɗauko fartanya. Layi ɗari, kowanne ɗari da biyar."

Bayan la'asar Ephraim ya fito, ya dubi layukan sun miƙe sambal, babu leda ko ɗaya da ta rage. Ya ɗauki hoto.

"Ka gani, Baba? Ashe tana rabuwa. Taurin kai ne kawai."

Baba Ubale ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

"Haka ne, Yallaɓai," ya ce. "Taurin kai ne."