Sallama ga Itatuwan Laurel

Ran Juma'a da la'asar Mahamadou ya dawo gida a garin Laurel, can ƙasar Turawa, ya tarar da 'yarsa Rakia gaban talabijin, tana kallon fim ɗin zane na Japan da malamarsu ta ba su. A ciki mutane sun sare wani tsohon itace, mazauna cikinsa suka fito ba su da wurin zuwa, rafin garin ya ƙafe.

Bai cire kakin gadinsa ba. A tsaye ya kalla har ƙarshe.

Rakia ta ce da Turanci, don Hausa ji kawai take yi: "Baba, ba wanda ya gaya musu."

A ƙauyen su Mahamadou kusa da Maraɗi ana gaya musu. Mai saran tsamiya sai ya yi wa iskokinta sallama, ya ba su kwana uku su kwashe. Shi da wansa Ousmane da suka sare wata ba su yi ba, suna samari, suna sauri. Ousmane ne ya riƙe gatarin. Shekara goma sha tara ke nan bai ƙara magana ba. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, Mahamadou kuma ya karɓi wannan.

Yanzu filin da yake gadi kurmi ne da za a share a gina sito. An ɗaura wa itatuwan jan ƙyalle. Litinin injuna za su shigo, kwana uku daidai.

Ya ce, "Sa takalminki."

Suka je suka tsaya bakin wayar da ta kewaye kurmin. Ya dubi titi, ba kowa. Ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, masu gida. Litinin za a sare. Ku yi haƙuri, ku kwashe yaranku."

Tsuntsaye suka ci gaba da kuka. Jirgin ƙasan Baltimore ya wuce.

Rakia ta ja hannun rigarsa. "Baba, 'yan ƙasar nan ne fa. Ina za su ji Hausa?"

Bai yi dariya ba. "To faɗa musu, 'yar Baba. Kar ki rage komai."

Ta faɗa da Turanci, a hankali, kamar mai karatu a aji.

Kurmin ya yi tsit gaba ɗaya. Can ciki, inda ba hanya, ganye ya fara motsi a jere, yana nisa da su.

Mahamadou ya riƙe hannunta har motsin ya ɓace.