Ramin Uwaisu da Rijiyar Gida

Kun ji abin da ya faru gidan Ikhlas a Mai Wurno? Mijinta Uwaisu ya fara haƙa masai kusa da rijiya. Hankalinta ya tashi, don ruwan nan ɗiyarta Mawada ke sha. Shi ko ya ce taku goma sun isa, haka babansa ya yi.

Sai ta kira yayanta Musbahu. Ashe takardar ƙa'idar haƙa masai da injiniyoyi suka rubuta kyauta take a talafon! Ya karanta musu: tazarar mita talatin tsakanin masai da rijiya.

Uwaisu ya auna da igiya, ya sosa ƙeya, ya dubi Ikhlas. "To, Hajiya injiniya, ina zan kai shi?"

"Can bayan garken awaki, Abu Mawada!"

Da ya cike ramin farko, Ikhlas ta yi ajiyar zuciya, ta ɗebo wa Mawada ruwa.