Injin da Ba a Kashewa

Malam Abdulƙadir ba ya barin abu a kunne. Rediyo ne, fitila ce, in ya gama sai ya kashe. Haka ya tashi, haka ya tsufa.

Da ruwan ƙarshe na damina, tsawa ta taɓa akwatin injin sola da ke jawo ruwa a gonarsa ta bayan Bici. Injin ya yi shiru. Ga tumatir an dasa, ga rani ya kawo kai.

'Yarsa Aina'u, mai gyaran na'urori a Kano, ta zo ran Asabar. Ta buɗe akwatin, ta maƙala siraran wayoyi a jikin wani ɗan allo kore, ta haɗa da kwamfutarta. Tana ta dannawa har la'asar. Can sai injin ya yi gunji, ruwa ya hau tanki.

Ta ce, "Baba, manhaja biyu ce a ciki. Ƙaramar ke farkawa ta tada babbar. Ƙaramar ta lalace. Ni na zura babbar kai tsaye, na tada ta da hannu. Muddin batir na ba ta wuta, za ta yi aiki. In aka kashe, ba mai tada ta."

"Na ji."

"In tanki ya cika, a saki ruwan a kwalbati. Kada a taɓa makunnin nan. Aiki zai kai ni Yola, sai na dawo da sabon allo."

"Na ce na ji. Tun ba a haife ki ba nake ban ruwa."

Ran Laraba tanki ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya bi hanya har gonar maƙwabcinsa Kamaruddeen, wanda ya tsaya yana tattare wando.

"Malam, tafki ake haƙa mana? Wasu na neman na sha, wasu na wanke hanya."

Malam ya dubi ruwan da ke malala. Shi da ya yi shekaru yana zagin masu ɓarnar ruwa. Ya taka zuwa akwatin ya kashe.

Da safe ya kunna. Shiru. Ya kashe, ya sake kunnawa. Wata 'yar fitila ja kawai ke kallonsa.

Matarsa Mairo ta ce, "Malam, kira Aina'u mana."

"In ce mata me?"

Ya ɗauki guga ya nufi tsohuwar rijiya. Kullum yana ja har kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Ganye ya lanƙwashe, fure ya zube, kunya bayan kunya ta bushe.

Da Aina'u ta dawo, kunya ɗaya ta tarar kore, ta bakin rijiya. Ta dubi makunnin, ta dubi tafin hannun ubanta da igiya ta saɓule.

Ya juya mata baya, ya ci gaba da tuge matattun.